Ƙaramin Abokin Zaid

Tun da abin ya faru na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna zan cika takardar neman aiki sai in ga na miƙe, in na miƙe kuma ban san abin da na tashi ɗaukowa ba. Na yi shekaru ina karatun fassara a birnin Lyon na Faransa har aka ba ni kwali, kuma aiki na farko da aka damƙa mini bayan na gama, kalmomi biyu ne na Faransanci. Har yau ban sani ba ko na yi daidai da na fassara su. Amma labarin ba nawa ba ne. Na Baba Ɗanyaro ne, dattijon da ya ba ni ɗaki a gidansa, a saman ɗaya daga dogayen benayen unguwar Minguettes, a gefen Lyon.

Mutumin Damagaram ne, jinin maƙera. Ya zo Faransa yana saurayi, ya sauka a foye, masaukin ma'aikata a Montreuil, gefen Paris, inda shi da wani ɗan Cadi mai suna Adoum suka raba gado ɗaya. Adoum yana shara da dare, shi yana dakon kaya da rana. In yana ba da labarin yakan ce gadon nan bai taɓa hucewa ba, kuma bai taɓa yin abokin da ya kai Adoum ba. Daga baya ya gangaro Lyon, ya shiga wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, ya koma gida ya auro Rékia, suka haifi ɗa guda, Zaid. Hayaƙin wurin ya ci masa huhu. A shekarar dubu biyu likita ya ce ko ya bar aikin ko aikin ya bar shi a makara.

Sai ya sami gurbi a filin ƙanƙara, inda ake wasan hoki. Aka ba shi wani ɗan ɗaki bayan kujerun 'yan kallo, da injin washi, aka ce ya riƙa wasa ƙarfen da ke ƙarƙashin takalman 'yan wasa. Mutumin da ya girma a zafin Damagaram, ga shi cikin jaket biyu da hular sanyi a tsakiyar watan Yuni. Bai damu ba.

"Wuƙa wuƙa ce," in ji shi, "ko a ƙugu take ko a ƙarƙashin takalmi. Kowa a gidan nan wasa yake yi. Su na ƙanƙara, ni na ƙarfe."

Zaid a wannan ɗakin ya girma. Daga lekol, wato makaranta, sai wurin uba, daga wurin uba sai ya zame kan ƙanƙara da takalman aro. Da Rékia ta rasu yana ɗan shekara goma sha huɗu, filin ya zama uwarsa. Ya yi ƙarfi, ya iya, har wata ƙungiya a gefen Paris ta ɗauke shi tana biyansa. Can ya haɗu da Guillaume, mai tsaron ragarsu, Bafaranshe, wani ƙato da sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. Baba yana kiransa Ƙarami. Da na zo gidan na ɗauka zolaya ce, irin yadda ake ce wa baƙin mutum Bature.

Dole in faɗi wani abu game da Faransancin Baba, don a kansa komai ya rataya. Faransancin foye ne da masana'anta. Ya san sunan kowane bututu, ya san yadda ake gardama da shef, shugaban aiki, ya san zagin da ake yi a jirgin tiram, ya san sunan kowane magani na huhu. Amma irin kalmomin da mutum yake faɗa a hankali, yana kallon ƙasa, ba wanda ya taɓa faɗa masa su da Faransanci. Zaid kuma Hausarsa ta gaisuwa ce da ta cin tuwo. Tun da uwar ta rasu, uba yana magana da Hausa, ɗa yana amsawa da Faransanci, kowa yana tsintar abin da ya iya.

Kowace Lahadi bayan azahar Zaid yake kira. Baba ba ya gajarta gaisuwa don ana waya, kamar yadda mu muke yi. Sai ya jera ta duka, kullum iri ɗaya.

"Ina wuni? Ina gajiya? Ina aiki? Ina sanyi? Ina gwiwar nan taka? Ina Ƙarami?"

Sannan in ji muryar ƙaton daga nesa, da Hausar da aka koya masa: "Lafiya lau, Baba! Sai godiya!" Baba ya yi dariya har tari ya kama shi. Duk mako wannan kiran yake jira. Ranar Asabar da yamma yake sa wayar a caji, ya ɗora ta a kan hannun kujera.

A bazarar dubu biyu da goma sha bakwai ya yi ritaya. Ma'aikatan filin suka yi masa liyafa, suka bar masa tsohon injin washin, aka haɗu aka hau da shi barandarmu. Christine, matar da ke sayar da tikiti tun kafin ya zo wurin, ta ba shi littafi a naɗe cikin takarda. Da muka dawo gida ya miƙo mini.

"Ɗan lekol, ga aiki ya same ka. Idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Christine ta ce labarin 'yan hoki ne, kamar na Zaid da Ƙarami. Har da hawaye ta yi, ta ce da ma kowane uba kamar ni ne. Ban san abin da na yi mata ba."

Na warware takardar. A bangon akwai maza biyu cikin hular kwano, sun haɗa goshi. Na san irin littattafan. Wata 'yar ajinmu ta sha fassara su daga Turanci don ta sami na abinci: labarin soyayya tsakanin 'yan wasa maza biyu, masu ɓoye abin da ke tsakaninsu don tsoron ƙungiya da 'yan jarida. Na ce a raina ƙila Christine ce ta yi wauta.

"Baba, me ya sa kake ce masa Ƙarami?"

"Ai Zaid ne ya sa masa. Ban ba ka labari ba?" Ya gyara zama. "Shekarar da ya koma Paris, ya zo nan da yaron. Ya zaunar da ni a kujerar da kake kai. Jikinsa na rawa kamar wanda ya kashe mutum. Ya ce, Papa, Guillaume c'est mon petit ami. Na ce to, sai me? Petit, ƙarami. Ami, aboki. Ƙaramin aboki. Na dubi ƙaton, na ce in wannan ne ƙaramin, Allah ya tsare mu da babban. Na ce masa kowa yana da aboki, ni ma ina da Adoum. Allah ya bar ku tare. Ranar aure ma sai a ƙara masa girma ya zama babban aboki, shi zai riƙe maka komai. Kawai sai yaro ya fashe da kuka, ya rungume ni. Shi ma ƙaton yana kuka. Yaran ƙasar nan, abu kaɗan sai hawaye."

Petit ami ba ƙaramin aboki ba ne. Saurayi ne, irin wanda budurwa take cewa saurayina. Zaid ya zaɓi kalma mafi taushi da ya sani, ta yi taushin da uban bai ji ta ba. Shi kuma daga cikin amsar uban ya tsinci aure da Allah ya bar ku tare, ya ɗauka albarka ce. Shekara shida ke nan kowannensu yana farin ciki da maganar da ɗayan bai yi ba. Duk filin ƙanƙara sun sani, duk sun ɗauka Baba ya sani. In sun ce copain, wanda kan zama aboki ko saurayi, shi aboki yake ji. Maza biyu a gida ɗaya kuwa, ai shi har gado ya raba da namiji.

Na so in ce ina da aiki. Na so in ce littafin ya ɓace. Amma washegari bayan la'asar ya dafa shayi, ya ajiye mini kofi, ya ce bismilla.

Babin farko ba matsala. Wasa ne, da sanyi, da doguwar tafiya a bas. Ɗaya kyaftin ne, ɗaya baƙo da aka sayo daga wata ƙungiya, ba sa ga maciji da juna. Baba ya ji daɗi. Yana tsayar da ni ya yi gardama da alƙalin wasan cikin littafi, yana cewa wannan bugun ai na kora ne. Ni kuwa idona yana gudu gaba da bakina, ina leƙen abin da ke tafe kamar mai tafiya a gonar ƙaya.

Da suka fara shiri, na fara ƙarya. Inda marubuciyar ta ce sun yi sumba, sai in ce suka gaisa. Inda ta ce ɗaya ya kwana a ɗakin ɗaya, sai in ce suka yi hira mai tsawo. Inda abin ya wuce nan, sai in lashi yatsa in juya shafi biyu, uku, in ce bayanin gari ne.

"Waɗannan mutane sun cika gaisawa," in ji Baba wata rana. "Ba yanzu suka gaisa a ɗakin canja kaya ba? Kuma ga su sun sake gaisawa a cikin mota. Ko Damagarawa ne?"

"Haka marubuciyar ta rubuta, Baba."

"Kuma garin nan nasu bayaninsa ba ya ƙarewa. Jiya shafi huɗu ka tsallake. Ko Makka ce?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina zaune ina shirya ƙaryar gobe, in tuna cewa shekara biyar aka yi ana koya mini cewa mai fassara ba ya sata daga bakin kowa. In kuma tuna Baba da wayarsa a hannun kujera. In na faɗi gaskiya, kiran Lahadi na iya mutuwa. Ba shi da kowa a ƙasar nan sai wannan yaro. Ni ma, in za a bi ta tarbiyyar da na taso da ita a Maraɗi, ban san inda zan ajiye abin a raina ba. Na dai san na ci abinci kwano ɗaya da Guillaume lokacin sallar layya, ya riƙe wa Baba ƙafar rago, kuma ban ga mugun mutum ba.

Mun wuce rabin littafin lokacin da abin ya kama ni. Kyaftin ɗin ya gaji da ɓoyo. Ya tsaya gaban koci da dukan 'yan wasa kafin babban wasa, ya nuna ɗayan, ya faɗi kalmomin nan biyu. Da na ga su a shafin, bakina ya riga hankalina, na karanta su da Faransanci kamar yadda suke.

"Yauwa!" Baba ya tafa hannu. "Ka ga abin da Christine take nufi. Shi ma ƙaramin abokinsa ne. Ci gaba."

Na ci gaba, don ban sami ƙaryar da zan sa a wurin ba. A littafin, wani ɗan wasa ya ɗauki kayansa ya koma can nesa. Koci ya ce wa kyaftin ɗin ya san abin da wannan magana za ta jawo masa kuwa, ƙila ƙungiya ta sallame shi, ƙila 'yan kallo su jefe shi da kwalabe.

Baba ya ajiye kofinsa.

"Tsaya. A sallami mutum don ya yi aboki?"

Na mayar da idona kan shafin.

"Malam Ilya, tambayarka nake yi."

In ya ce Malam Ilya, wasa ya ƙare. Na dubi injin washi ta gilashin baranda. Na dubi hoton Rékia a bango. Na ce, "Baba, petit ami ba ƙaramin aboki ba ne."

"To mene ne?"

"Kamar... in yarinya tana da wanda take so, wanda yake zuwa zance wurinta, ta ce saurayina. Shi ne."

"Yarinya."

"Ko namiji. In namiji yake so."

Sai can ya ce, a hankali, "Gaisuwar nan da suke ta yi."

"Ba gaisuwa ba ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Tsofaffin ƙuna na tartsatsi duk sun cika shi. Na jira ihu, ko salati, ko ya ce in tattara kayana. Abin da ya ce shi ne, "Na ce musu Allah ya bar su tare." Ya tashi, ya yi alwala duk da yana da ita, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Lahadi ta zo, wayar ta yi ta kuka a hannun kujera, yana zaune kusa da ita yana jan carbi. Ta yi shiru, ta sake. Lahadi ta biyu ma haka. A tsakani yana zuwa masallaci, yana dawowa, yana cin abinci kaɗan. Bai yi wa kowa maganar ba, ko limaminmu, wanda abokin hirarsa ne. Ni ma ba ya ce mini komai sai sannu da in rufe taga. Tarinsa ya ƙaru. Duk sanda na ji shi ta bango sai in ji kamar ni na zuba masa hayaƙin.

Zaid ya kira ni, yana tambaya ko asibiti aka kai uban ana ɓoye masa. Na ce lafiyarsa lau, amma maganar ba ta waya ba ce. Ina da ganawar neman aiki a Paris a makon, na ce mu haɗu. Ganawar ban san abin da na faɗa a cikinta ba, kuma ba su kira ni ba. Daga nan na bi metro layi na tara har Montreuil. Nan Zaid da Guillaume suke zaune, titi biyu daga foye ɗin da Baba ya fara sauka. Zaid ne ya zaɓi unguwar don haka.

Na same su a wani ɗan gidan shayi. Na faɗi komai da Faransanci, daga littafin Christine har ƙaramin aboki da babban aboki. Da na bayyana cewa babban aboki shi ne wanda yake tsaya wa ango ranar da zai auri mace, Zaid ya yi wata dariya mara daɗi.

"Amma ya ce aure. Na ji da kunnena. Kalmar nan na san ta."

"Ya ce. Aurenka da wata."

"Shekara shida, Ilya. Shekara shida ina ba mutane labarin ubana. Musulmi, ɗan masana'anta, bai ko ɗaga gira ba. Yaran da iyayensu suka kora suna zuwa gidanmu, ina ce musu ku yi haƙuri, akwai irin ubana a duniya." Ya buga tebur da tafin hannu, cokula suka yi tsalle. "Kai kuma me ya hana ka yin ƙarya? Kalma biyu!"

"Rabin littafi na yi ina ƙarya."

"Da ka ƙarasa!"

Guillaume ya cika kujerar har ta yi masa kaɗan, yana murza takardar sukari. Nasa uban ya daina yi masa magana tun yana ɗan shekara sha tara, wannan na sani. Ya ɗago ya tambaye ni, "To Ƙarami fa? Me yake nufi?"

"Petit."

"Ni na ɗauka wani suna ne na girmamawa." Ya yi murmushi, idonsa ya cika. "Ya koya mini wasa wuƙa. Ya ce hannuna kamar na mahauci."

Da zan tafi Zaid ya ciro wata jaka daga ƙarƙashin tebur. Ƙarafan takalmansu ne, nasa da na Guillaume, a naɗe cikin tsumma. Tun da ya koma Paris ba ya yarda kowa ya wasa masa su sai uban, duk wanda zai gangara Lyon sai ya ba shi saƙo. Ya zo da su ne kafin ya san abin da zan faɗa. Guillaume ya sa hannu ya zare nasa. Zaid ya fizge, ya mayar cikin jakar, ya ja zif.

"Duka ko babu," ya ce. Sannan da Hausarsa mai ɗingishi: "Ka gaida Baba."

A jirgin ƙasa jakar tana kan cinyata, ƙarafan suna ƙara duk sanda aka yi kwana. Na sauka, na shiga metro, na shiga tiram, ina jin kamar kowa ya san abin da na ɗauko.

Baba ya dubi jakar, ya gane ta. Bai tambaya ba, ni na faɗa.

"Zaid yana gaishe ka. Shi ma bai sani ba, Baba. Ya ɗauka ka ji, ka sa albarka."

"Nawa ne a ciki?"

"Na mutum biyu."

"Ajiye nan."

Na ajiye ta bakin ƙofa, kusa da takalma. Nan ta zauna. Kullum sai na yi tuntuɓe da ita, kullum shi yana kewaye ta kamar rijiya. Zaid bai sake kira ba. Lahadi ta zama ranar da ba na iya zama a gidan, in fita in yi ta zagaya benaye, in dawo in tarar da wayar a hannun kujera, cike da caji.

Wata ranar Alhamis ina wanke kwanuka ya tsaya a bayana.

"Ɗan lekol."

Rabon da ya kira ni haka tun ranar. Na juyo da kumfa a hannu.

"Littafin nan. Ba cewa na yi ka karanta mini ba, kada ka kuskura. Tambaya ɗaya ce. Uban kyaftin ɗin, me ya yi da ya ji?"

"Ba shi da uba, Baba. Ya rasu tun kafin labarin ya fara."

"Ɗayan fa?"

"Ba a ambaci nasa ba."

"Hm." Ya jinjina kai. "Shi ya sa suke ta gaisawa hankali kwance. Matar nan ta kashe iyaye don ta huta." Ya ɗan yi tari. "A ƙarshe an kore su?"

"A'a. Sun ci kofi."

"Ƙarya ke nan. Ƙungiyar da ba ta da baya ba ta cin kofi."

Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofar kicin, bayansa gare ni.

"Ban yarda da abin nan ba, Malam Ilya. Kada ka je ka fassara musu cewa na yarda. Na san abin da addinina ya ce, kuma gobe ni za a tambaya, a ce kai ne ka ce Allah ya bar su tare. Amma yaron nan na wanke masa kashi. Na binne uwarsa yana riƙe da rigata. Shi kuma ƙaton, da na kwanta asibiti shekara uku da suka wuce, shi ya riƙa ɗaukata kamar jariri yana kai ni bayi. Lokacin ma abin da yake ke nan. Ban san yadda ake cire wannan daga wancan ba."

Ya fita, na koma kan kwanukana.

Lahadi bayan azahar na sa takalmi zan gudu kamar kullum, ya ce in zauna. Ya miƙo mini wayar.

"Nemo mini shi. Idona ba ya gani."

Ya san inda lambar take, da ka yake danna ta. Na danna, na miƙa masa, ya sa ta a lasifika kamar yadda ya saba, ya ɗora a gwiwa. Ta yi ta ƙara har na fid da rai. Sannan muryar Zaid: "Papa?"

"Ina wuni?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ina sanyi?"

"Lokacinsa ne," in ji Zaid, a tsakiyar watan Agusta.

"Ina gwiwar nan taka?"

"Da sauƙi."

Sai a lokacin na lura da abin da na yi shekara biyu ina ji ban lura ba. A gaisuwarmu, bayan aiki da sanyi da jiki, wurin nan ne ake tambayar iyali. Shekara shida Baba yana sa sunan Guillaume a gurbin, bai sani ba. Yanzu ya sani. Ina jin numfashin Zaid a wayar, ina jin na Baba mai ƙugi, ina jin nawa. Ya ɗauki carbinsa, ya ajiye. Ya share gwiwarsa da hannu kamar akwai ƙura.

"Ina Ƙarami?"

Wani abu ya faɗi a can, kujera ko kofi. Sai muryar ƙaton, kusa da wayar ƙwarai: "Lafiya lau, Baba. Sai godiya."

Baba bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "To madalla. Sai wata Lahadi." Ya kashe tun kafin Zaid ya fara Faransanci.

Ya zauna yana kallon bango, ni kuma ina kallonsa, ina jira ya ce wani abu da zai sa in san ko na kyauta ko na ɓata. Da ya tashi zai yi alwalar la'asar, ya tsaya bakin ƙofa, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki jakar daga cikin takalma ya ɗora ta a kan kujera.

"Ƙarfe ba ya son ƙasa," ya ce. "Tsatsa yake yi."

Tana kan kujerar har yanzu. Bai buɗe ta ba. Jiya na ga ya cire ledar da aka rufe injin washi da ita, ya naɗe, ya sa a aljihun jaket.